Ƙauyukan Ingilishi a Koriya ta Kudu: Kafuwarsu da Dusashewarsu

A cikin watan Afrilu na shekarar 2006 gwamnatin lardin Gyeonggi na Koriya ta Kudu ta buɗe wani sabon gari a Paju, 'yar tafiya kaɗan daga iyakar da ta raba ƙasar da Koriya ta Arewa. Garin nan yana da zauren majalisa, da banki, da gidan waya, da ofishin 'yan sanda, da asibiti, da kantuna, har da ɗan jirgin ƙasa mai ratsa babban titinsa. An yi gine-ginensa irin na tsofaffin garuruwan Ingila, a bakin ƙofa kuma aka kakkafa manyan duwatsu don kwaikwayon duwatsun nan na Stonehenge. Yaron da zai shiga sai ya bi ta ofishin shige da fice, a ba shi fasfo, a buga masa hatimi, wani baƙo ya yi masa 'yan tambayoyi. Abu ɗaya ne garin ba shi da shi, watau 'yan gari. Ba a haifi kowa a cikinsa ba, ba kuwa wanda ya zo da niyyar zama. Mazaunansa iri biyu ne: yara 'yan makaranta masu yin mako guda su koma gida, da malamai waɗanda aka ɗauko daga ƙetare bisa yarjejeniyar shekara ɗaya. Dokar garin kuwa ita ce kada a ji bakin kowa da wani harshe in ba Ingilishi ba.

Wannan shi ne mafi girma daga cikin wuraren da aka sani da sunan ƙauyukan Ingilishi, an kuma kashe fiye da won biliyan 80 na kuɗin ƙasar wajen gina shi. To, ruwa ba ya tsami banza. Kafin a gane abin da ya sa al'umma mai alfahari da harshenta kamar Koriyawa ta gina garin da aka hana yin harshen nata a cikinsa, sai an koma baya kaɗan.

Shigar Ingilishi Koriya

Koriya ta ƙulla yarjejeniya da Amurka a shekarar 1882, sai fada ta wayi gari tana bukatar tafintoci. Saboda haka a 1883 aka buɗe makarantar Dongmunhak don horar da su. A 1886 kuma aka kafa makarantar sarauta ta Yugyeong Gongwon, aka ɗauko malamai uku daga Amurka, cikinsu har da Homer Hulbert. Ɗalibanta 'ya'yan manya ne da matasan ma'aikatan fada, malaman kuwa da Ingilishi tsantsa suka riƙa koyar da su, domin ba su iya Koriyanci ba a lokacin da suka zo. A daidai waɗannan shekaru 'yan mishan suka buɗe makarantar Baejae ta maza da ta Ewha ta mata. Abin lura a nan shi ne, tun ranar farko Ingilishi ya shiga Koriya ne a matsayin tsanin hawa muƙami. Ba harshen kasuwa ba ne, ba na maƙwabta ba ne, ba kuma wata ƙabila a ƙasar da take bukatarsa don ta ji maganar wata, tun da yake Koriyawa harshensu ɗaya ne, rubutunsu na Hangul kuma tun 1446 Sarki Sejong ya bayyana shi ga jama'a.

Daga 1910 zuwa 1945 Japan ce ta mulki Koriya. Japananci ya zama harshen makaranta, wajen ƙarshen mulkin kuma aka kori Koriyanci daga aji, a 1940 aka matsa wa mutane su ɗauki sunayen Japanawa, sa'an nan a 1942 aka kama 'yan Ƙungiyar Harshen Koriya masu haɗa ƙamus, har biyu daga cikinsu suka mutu a kurkuku. Ke nan Koriyawa sun san ɗacin a hana yaro harshen uwarsa a harabar makaranta. Ingilishin da aka ci gaba da koyarwa a wannan zamani kuwa ya koma na nahawu da fassara don cin jarrabawa, wannan gado kuma ya daɗe bayan tafiyar Japanawa.

Da yaƙin duniya ya ƙare, sojojin Amurka suka riƙe kudancin ƙasar daga 1945 zuwa 1948, masu jin Ingilishi suka sami faɗa a ji har mutane suka riƙa kiran mulkin da siyasar tafintoci. Shugaban ƙasa na farko, Syngman Rhee, tsohon ɗalibin Baejae ne, ya kuma yi digirinsa na dakta a Amurka. Bayan yaƙin 1950 zuwa 1953 sojojin Amurka suka zauna daram, daga 1966 zuwa 1981 kuma matasan Amurka 'yan sa kai suka koyar da Ingilishi a makarantun ƙasar.

Zazzaɓin Ingilishi da uba-dinya

Abin da ya mai da sha'awa ta zama zazzaɓi ya faru ne cikin shekara goma sha biyu kacal. A 1988 Seoul ta karɓi wasannin Olamfik, a 1989 aka sakar wa talakan ƙasa mara ya yi tafiya ƙetare yadda ya so. Shugaba Kim Young-sam ya ɗauki cuɗanya da duniya a matsayin manufar gwamnatinsa, a 1995 aka fara shirin ɗauko baƙin malamai zuwa makarantun gwamnati, wanda aka sani da EPIK, a 1997 kuma aka saukar da darasin Ingilishi zuwa aji uku na firamare. A ƙarshen wannan shekara tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, har sai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ceto ta. Aiki ya yi wuya, manyan kamfanoni suka riƙa tace masu neman aiki da makin jarrabawar TOEIC, ko da aikin ba ya bukatar kalma ɗaya ta Ingilishi. A 1998 marubucin nan Bok Geo-il ya fitar da littafi yana ba da shawarar a mai da Ingilishi harshen hukuma, jaridu suka yi ta kai-kawo a kan maganar. A shekarar 2000 kuma Kotun Tsarin Mulki ta soke dokar nan ta 1980 da ta hana darasin kuɗi a wajen makaranta, sai makarantun yamma masu zaman kansu, waɗanda ake kira hagwon, suka ƙara yaɗuwa a kowace unguwa. Abin ya kai har jaridu suka ba da labarin iyayen da ke kai 'ya'yansu wurin likita a yanke musu jijiyar ƙarƙashin harshe, wai don bakinsu ya iya rarrabe harufan r da l.

Masu hali sai suka ɗauki wata hanya, watau tura yara ƙanana karatu Amurka, ko Kanada, ko Ostareliya, ko Niyuzilan, masu ƙaramin ƙarfi kuma Filifin. Galibi uwa ce ke bin yaran, uba ya zauna shi kaɗai a gida yana aiki yana aika kuɗi, ya ziyarce su sau ɗaya ko biyu a shekara. Irin wannan magidanci shi Koriyawa suka laƙaba wa gireogi appa, watau uba-dinya, domin dinyar daji tsuntsuwa ce mai ƙaura, kuma a al'adarsu ita ce alamar riƙon amanar aure, har ana ba da sassaƙenta a wajen biki. Masu barkwanci ma sun kasa iyayen kashi uku: uba-mikiya shi ne mai kuɗin da zai tashi duk sa'ad da ya ga dama, uba-dinya mai tashi lokaci-lokaci, na ukun kuwa aka ba shi sunan tsuntsun nan na ƙasar ƙanƙara wanda ba ya iya tashi sam. A shekarar 2006 yaran firamare da sakandare da suka fita karatu waje sun kai kusan 30,000. Dukiya tana zurarewa ƙetare, gidaje suna rabuwa, ɗan talaka kuwa yana kallo an bar shi a baya.

Nan ne asalin ƙauyukan. Sohn Hak-kyu, tsohon malamin jami'a wanda ya yi karatu a Oxford, ya ci zaɓen gwamnan Gyeonggi a 2002 da alkawarin cewa in ɗan talaka ba zai iya zuwa ƙasar waje ba, to za a kawo masa ƙasar waje gida. A watan Agusta na 2004 aka buɗe ƙauye na farko a Ansan, cikin wani tsohon wurin horar da ma'aikata da aka yi wa kwaskwarima. Birnin Seoul, a ƙarƙashin magajin gari Lee Myung-bak, ya buɗe nasa a Pungnap. Sai na Paju a 2006, na Yangpyeong kuma a 2008. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2006 alkawarin gina ƙauyen Ingilishi ya zama ruwan dare a bakin 'yan takara, cikin 'yan shekaru aka sami fiye da ashirin a faɗin ƙasar. Ya kamata a riƙe wannan da kyau: 'yan siyasa ne suka haifi ƙauyukan nan don amsa kukan iyaye, ba masana koyar da harshe ne suka nemi a yi su ba.

Ita kanta dabarar ba sabuwa ba ce. A Amurka kwalejin Middlebury ta fara makarantun harshe na bazara tun 1915, inda ɗalibi ke alkawarin ba zai yi wani harshe ba sai wanda ya zo koyo, ƙauyukan harsuna na Concordia kuma sun fara a 1961. A Nijeriya ma tsadar tura ɗalibai waje ce ta sa aka kafa ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, da ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Borno a 1992. Amma waɗannan biyun na ɗaliban jami'a ne da suka riga suka yi nisa a harshen, kuma watanni suke yi a can. Na Koriya kuwa yara ne, kwanakinsu kuma ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba.

Mako guda a ƙauye

A wancan lokaci babban shirin ƙauyukan Gyeonggi na 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ne, yara masu shekara goma sha huɗu ko kusa da haka. Makaranta ce ke kwaso su a mota a farkon mako, a karɓi kuɗi kaɗan daga iyaye, lardi ya cika sauran. Ba a zaunar da su ana nahawu. A maimakon haka sai a kai su banki su canji kuɗin wasa, su je gidan waya su aika takarda, su je asibiti su faɗi inda ke musu ciwo, su dafa abinci, su shirya wasan kwaikwayo, su yi waƙa. Manufar ita ce a cire musu tsoron baƙo, domin yaron da ya shekara biyar yana karanta Ingilishi yakan daskare in aka yi masa gaisuwa da shi. A wannan fuska ba a rasa nasara ba. Yara da yawa a nan suka fara buɗe baki gaban baƙo, suka ga an gane abin da suka ce, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan manomi ko ɗan lebura.

Sai dai in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ɗaruruwan yara ne ke shiga a lokaci ɗaya, dukkansu harshensu ɗaya, abokan juna ne tun daga gida. Da malami ya juya baya, ko aka shiga ɗakin kwana, sai Koriyanci ya dawo. Abin da ke sa baƙo ya koyi harshen garin da ya sauka shi ne larura: yunwa, da ciniki, da ɓatan hanya, da son a yi hira da shi. A ƙauyen Paju kuwa bankin ba ya ajiye kuɗi, likitan ba ya ba da magani, yaron kuma ya sani sarai.

Malaman da aikinsu

Wanda ke zaune a kujerar likitan shi ne malamin. Dokar shige da fice ta Koriya ta tanadi wata biza mai suna E-2 don masu koyar da magana da harsunan waje, a fannin Ingilishi kuma ƙasashe bakwai aka amince da su: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostareliya, Niyuzilan da Afirka ta Kudu. Sharaɗin shi ne fasfon ɗaya daga cikinsu da digirin farko, a kowane fanni. Ba lalle sai mutum ya karanci koyarwa ba. Saboda haka wanda ya karanci tarihi ko kasuwanci a Kanada, bai taɓa riƙe alli ba, ya cancanta. Malamin da ya shekara ashirin yana koyar da Ingilishi a Nijeriya ko Gana ko Kenya kuwa ƙofar ba tasa ba ce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da ake saye ya wuce harshe, ya haɗa da lafazi da kamanni. An saba neman hoto tare da takardar neman aiki, baƙaƙen fata da jikokin Koriyawa da aka haifa a Amurka kuma sun sha kokawa cewa masu ɗaukar aiki, musamman a hagwon, sun fi son farar fuska.

Sharuɗɗan aikin kusan iri ɗaya ne ko'ina: yarjejeniyar shekara ɗaya, albashin wajen won miliyan 2 ko sama da haka a wata, masauki kyauta, kuɗin jirgi, da albashin wata ɗaya na sallama in an cika shekarar. Ga matashin da ya gama jami'a da bashin karatu a wuyansa wannan garaɓasa ce, balle bayan karyewar tattalin arziki ta 2008, sa'ad da aiki ya yi ƙaranci a ƙasashensu. Aikin ƙauye yana da nasa sauƙi a kan na hagwon. Babu gyaran jarrabawa, babu iyaye masu ƙorafin maki, mai biyan albashi kuma hukuma ce, ba ɗan kasuwar da zai iya rufe makaranta dare ɗaya ba.

Wahalarsa kuwa ta wani iri ce. Malami na gaske yana ganin ɗalibinsa yana girma, ya san inda ya fito da inda ya dosa. Malamin ƙauye ba ya samun wannan. Kafin ya riƙe sunayen yaran sun tafi, wasu sun zo, ya sāke ɗauko darasin makon jiya daga farko, haka har shekara ta zagayo. Yau shi ne ɗan sanda, gobe ma'aikacin banki. A Paju har an ɗauki mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo musamman don nishaɗantar da baƙi a dandali da kan titi. Malaman a cikin harabar suke kwana, a ƙarshen mako kuma jama'a kan sayi tikiti su shigo yawon buɗe ido, su ɗauki hoton gine-gine su ɗauki na malaman. Mutum na iya cika shekara a Koriya, Koriyar da ya fi sani ita ce wadda aka yi wa shigar Ingila.

Ƙasar da ta gayyato su kuma ba ta sake jiki da su ba. A ƙarshen 2007, bayan da aka kama wani ɗan Kanada da ya taɓa koyarwa a Koriya bisa laifin lalata da yara a wata ƙasa, aka wajabta wa masu bizar E-2 kawo shaidar rashin laifi da yin gwajin ƙwayoyi da na cutar ƙanjamau. Binciken laifi abu ne da kowace ƙasa ke da haƙƙin yi. Gwajin ƙanjamau kuwa, wanda ba a ɗora wa malamai 'yan ƙasa ba, wata malama 'yar Niyuzilan ta kai ƙararsa, a 2015 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata ya ba ta gaskiya, a 2017 gwamnati ta janye shi.

Dusashewa

Tun shekarar farko ƙauyukan Gyeonggi suka riƙa cin gibin biliyoyin won, domin kuɗin da yara ke biya bai kama ƙafar albashi da kula da gine-gine ba. Kim Moon-soo, wanda ya gaji Sohn a 2006, bai ɓoye shakkarsa a kan shirin ba, a 2008 kuma aka miƙa Ansan da Yangpyeong ga 'yan kasuwa su gudanar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: in ƙauye zai riƙe kansa sai ya ƙara kuɗi ya kuma karkata ga dogayen zangunan hutu masu tsada, in kuwa ya yi haka ya bar ɗan talakan da aka gina shi dominsa. A 2006 masanin koyon harshe Stephen Krashen ya soki shirin da cewa yana da tsada, ba na gaskiya ba ne, ba a kuma kawo hujjar yana aiki ba. A ganinsa da an zuba kuɗin a littattafan karatu da ya fi.

Amma babban dalili yana cikin jarrabawa. Makomar yaro a Koriya tana rataye da jarrabawar shiga jami'a, wadda ake kira Suneung, ita kuwa karatu da sauraro take gwadawa, ba ta gwada magana. Uwa mai lissafi ta san mako guda na dafa abinci da Ingilishi ba ya ƙara maki ko ɗaya, hagwon kuwa yana ƙarawa. Mai kuɗi kuma bai taɓa tura ɗansa Kanada don ya iya sayen tambarin wasiƙa ba. Ya tura shi ne don ya dawo da abin da ɗan maƙwabci ba shi da shi. Abin da aka raba wa kowa a kan kuɗi kaɗan ba zai biya wannan bukata ba. Ƙauyukan sun ɗauki Ingilishi a matsayin abin magana, alhali kuwa a Koriya rariya ce da ake tace mutane da ita.

Sauran dalilan sun zo a jere. Makarantun gwamnati da kansu suka cika da baƙin malamai da ɗakunan Ingilishi. Yunƙurin da mutanen Lee Myung-bak suka yi a farkon 2008, bayan ya ci zaɓen shugaban ƙasa, na koyar da wasu darussa da Ingilishi ya gamu da tsananin suka, aka janye shi nan da nan. Faɗuwar darajar won a wannan shekara ta rage masu fita waje fiye da yadda ƙauyukan suka taɓa ragewa. Ga masu hali aka buɗe makarantun ƙasa da ƙasa a tsibirin Jeju daga 2011, reshen makarantun Ingila da Kanada da Amurka, inda yaro ke shekaru maimakon kwanaki. Ga masu ƙaramin ƙarfi kuma waya da intanet suka kawo malamin Filifin har cikin ɗaki a kan kuɗi kaɗan. Sa'an nan yaran kansu suka yi ta raguwa, domin haihuwa ta faɗi ƙwarai, har a 2023 ta kai 0.72 ga kowace mace.

Ƙauyen Ansan, wanda shi ne na fari, an rufe shi a 2012, shekara takwas bayan buɗe shi. Wasu ƙauyukan suka biyo baya, wasu aka mai da su cibiyoyin koyon sana'a ko na ilmin manya, wasu kuma suka ci gaba a ƙanƙance ƙarƙashin ƙananan hukumomi. Na Paju ya ɗan riƙe kansa da karɓar ɗalibai daga waje, irin su Japan da Rasha, masu zuwa Koriya koyon Ingilishi don ta fi Ingila kusa da araha. A 2017 aka sauya masa suna, aka mai da shi cibiyar ilmi ta gaba ɗaya, Ingilishi ya zama ɗaya daga cikin darussa. Gine-ginen kuwa sun sami masu so ta wata fuska: masu shirya finafinai da wasannin talabijin da bidiyon waƙoƙi na Koriya sun yi ta haya titunansa duk sa'ad da labari ya bukaci a nuna wani gari na Turai, 'yan wasan kuma da Koriyanci suke magana a cikinsa.